Charles Darwin (1809-1882) da Zaɓen Yanayi

An haifi Charles Darwin ran 12 ga watan Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila. Mahaifinsa likita ne, ya kuwa so ɗan ya gaje shi, saboda haka ya tura shi Jami'ar Edinburgh a 1825. To, a wancan zamani ana yi wa mutum fiɗa ne ba maganin kashe zafi, Darwin ya kasa jure gani, sai ya bari. Aka mai da shi Cambridge don ya zama limamin coci, amma hankalinsa yana wajen tattara ƙwari.

A 1831 ya shiga jirgin ruwan Beagle, suka yi kusan shekara biyar suna kewaya duniya. A tsibiran Galapagos aka nuna masa cewa ƙoƙon bayan kunkuru yana bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri.

Sai dai ba a teku kaɗai ya gane sirrin ba. Da ya koma gida, ya shiga kiwon tantabaru, yana kuma neman bayani wurin makiyaya da manoma. Abin da ya koya ba zai zama baƙo ga mai kiwon tantabaru a Ƙofar Marusa ba, ko manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don iri: wanda aka bari ya hayayyafa, siffarsa ce ke yaɗuwa. Darwin ya ga cewa yunwa da cuta da fari suna yin irin wannan zaɓe ba da hannun mutum ba. Ya yi shekara ashirin bai buga ba, sai da wasiƙar Alfred Wallace ta iso masa a 1858 ɗauke da ra'ayi irin nasa. Littafinsa, On the Origin of Species, ya fito a 1859, ya kuwa jawo gardama mai zafi da malaman coci. A 1871 ya faɗaɗa bayani kan zaɓen abokin barbara, wanda ya ba ɗawisu doguwar wutsiya.

Darwin bai san yadda gado ke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba. Wannan babban giɓi ne a aikinsa. Masanan baya ne suka rarrabe zaɓen: akwai mai tura jinsi gefe guda, da mai riƙe matsakaici, kamar nauyin jarirai, da mai raba jinsi biyu. Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne na sikila. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji sikila daga ɓangare guda yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon bai gushe ba, alhali wanda ya gada daga uwa da uba yana shan wuya.

Darwin ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, bayan doguwar jinya, aka binne shi a cocin Westminster, kusa da Isaac Newton.