Yusufu Bala Usman

Yusufu Bala Usman (1945 – 24 ga Satumba, 2005) masanin tarihi ne ɗan Najeriya, marubuci, kuma malami a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. An san shi da bincike kan tarihin Katsina, da sukar gwamnatocin soja, da kuma matsayinsa a muhawarar rabon kuɗin man fetur tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Ɗan gidan sarauta ne ta uwa da uba: mahaifinsa Durɓin Katsina ne, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, sannan ya tafi Ingila, ya sami digirin farko a Jami'ar Lancaster a 1967. Da ya dawo gida ya koyar da tarihi a Kwalejin Barewa da ke kan hanyar Gaskiya a Zariya. Daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya kammala digirin digirgir a 1974 da bincike kan sauye-sauyen ƙasar Katsina. Yana cikin ɗaliban Farfesa Abdullahi Smith.

Aiki da siyasa

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sa shi cikin kwamitin rubuta tsarin mulki. Shi da Dokta Segun Osoba ba su amince da daftarin da mafi rinjaye suka tsara ba, sai suka rubuta rahotonsu na marasa rinjaye a 1976. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar PRP, ya kuma riƙe muƙamin sakataren gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sallame shi daga jami'a a 1989, amma ya kai ƙara kotu, aka mayar da shi bakin aikinsa. Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya.

Asalin rigimar rabon kuɗin mai

An gano man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A wannan shekara Hukumar Raisman ta ba da shawarar yankin da aka haƙo ma'adini ya riƙa samun kashi 50 cikin 100 na kuɗin haya da kason da kamfanoni ke biya, tarayya ta ɗauki kashi 20, sauran 30 kuma a zuba a asusun da ake raba wa yankuna. Lokacin yaƙin basasa, dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙasar. Daga nan kason jihohi masu mai ya yi ta raguwa: kashi 45 a 1970, kashi 20 a 1975, har ya sauka zuwa 1.5 a 1982, kafin ya koma 3 a 1992. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa kada ya gaza kashi 13. Duk da haka, gwamnoni da ƙungiyoyin yankin Neja Delta sun ci gaba da neman a bar wa kowace jiha ikon arzikinta, ita kuma ta riƙa biyan tarayya haraji.

Matsayinsa

Bala Usman ya yi adawa da wannan buƙata. A littafin The Misrepresentation of Nigeria, wanda ya rubuta tare da Alkasum Abba a 2000, da kuma laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a 2001, ya kafa hujjoji iri biyu. Ta farko ta tarihi ce: a ganinsa, ƙabilu da yawa na Najeriya, har da na Neja Delta, a ƙarni na 20 suka dunƙule suka ɗauki sunayen da aka san su da su yau, kuma ikon ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta ya koma hannun Najeriya daga Turawan mulkin mallaka a 1960. Ta biyu ta ilimin ƙasa ce: ya ce yankin Delta ya samu ne daga laka da tarkacen tsirrai da kogunan Neja da Binuwai suka kwaso daga cikin ƙasa tsawon miliyoyin shekaru, don haka ba wata al'umma da za ta ce man nata ne ita kaɗai.

Suka

Masana daga kudu, irin su Farfesa Peter Ekeh da G. G. Darah, sun mayar masa da martani mai zafi. Sun zarge shi da amfani da tarihi don kare muradin Arewa. Masu goyon bayan ikon jihohi sun kuma tunatar da cewa a zamanin gyaɗa da koko yankuna sun ci moriyar abin da suka noma, alhali mutanen Delta ne ke fama da malalar mai, ƙona iskar gas da mutuwar kifi. Magoya bayansa kuwa sun ce ya daɗe yana sukar manyan Arewa, musamman kan cusa addini cikin siyasa, kuma abin da ya dame shi shi ne ɗorewar ƙasar.

A Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jihohin gaɓar teku ta tsaya ne a bakin ruwa, amma dokar 2004 ta mayar musu da kaso kan man da ake haƙowa a teku har zurfin mita 200. A taron gyaran siyasa na ƙasa na 2005, wakilan Kudu maso Kudu sun nemi kashi 25, taron ya ba da shawarar 17, suka fice. Har yanzu kashi 13 ake bi.

Rasuwa

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. Bayan rasuwarsa an tattara wasu maƙalunsa an buga, an kuma kafa cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa a Zariya.