Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan Ƙurɗuba, Da Masu Ciwon Daji

Ga tarihin wani bawan Allah wanda ya ƙare rayuwarsa a kan marasa lafiya, shi ne Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas, wanda aka fi sani da Az-Zahrawi.

An haife shi a ƙasar Andalus, wadda a yau ake kira Sifen, wajen shekara ta 936 Miladiyya. Ana jingina shi ga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman An-Nasir ya gina kusa da Ƙurɗuba, kuma ana danganta asalinsa ga Ansaru mutanen Madina. Ya yi zamani da Halifa Al-Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarkin da ya shahara da tara littattafai. Mutanen Andalus Malikawa ne kamar mu, kuma a cikin rayuwar Az-Zahrawi ne Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da ake karantawa a zaurukan Maraɗi, ya rasu a 996.

Bayan ya daɗe yana aikin likita, sai ya tattara abin da ya karanta da abin da ya gani da idonsa a cikin littafi mai suna At-Tasrif, mai kashi 30. Kashi na ƙarshe ya keɓe shi ga aikin tiyata: ƙuna da ƙarfe mai zafi, da yanka, da ɗori. A ciki ya zana kayan aiki kusan 200. A ƙarni na 12 Gerard mutumin Kiremona ya fassara wannan kashi zuwa Latin a birnin Toledo, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. Ibn Hazm, wanda ya riske shi da rai, ya yaba littafin ƙwarai.

Amma abin da ya fi kayan aikinsa daraja a wurinmu shi ne halinsa. Yana kiran almajiransa ƴaƴansa, kuma ba ya ɓoye musu ɓarnar da jahilci yake yi. Ya ba su labarin wani jahilin likita da ya yanka ƙari a wuyan wata mata, ya tsinke jijiya, jini ya zuba har ta cika a hannunsa. Ya ba su labarin wani kuma da ya tsaga kumburin daji, bayan ƴan kwanaki wurin ya zama miki, wahalar mai ciwon ta ninku. Ya kuma ba da labarin wata baiwa da ta soka wa kanta wuƙa a maƙogwaro. Aka kira shi, ya duba ya ga ba a taɓa manyan jijiyoyi ba, ya ɗinke, ya yi ta kula da ita har ta warke. Kasancewarta baiwa bai rage komai daga himmarsa ba.

Game da ciwon daji, maganarsa taƙaitacciya ce, kuma mai nauyi. Ya ce magabata sun ambata cewa idan ciwon yana farkonsa, yana ƙarami, kuma a wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya kamar nono ko cinya, to ana iya yanke shi. Idan kuwa ya tsufa ya girma, kada a kusance shi da wuƙa. Sa'an nan ya faɗi abin da likitoci ƙalilan suke iya faɗa, cewa shi kansa bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuwa ga wanda ya warkar ba. Mutum ne da ake kawo wa marasa lafiya saboda sunansa, amma bai sayi girma da ƙarya ba.

Ya gargaɗi almajiransa da wani abu wanda duk wanda ya taɓa jinya zai gane shi. Ya ce za su gamu da waɗanda ciwo ya gajiyar har mutuwa ta zama musu da sauƙi, kuma daga cikinsu akwai mai miƙa dukiyarsa duka don a yi masa aiki, alhali ciwon nasa mai kisa ne. Ya hana su karɓa, ya ce tsantseninsu ya rinjayi kwaɗayinsu. Wannan gargaɗi yana nan da ransa. Sau nawa iyali a Tibiri ko Jiratawa suke sayar da bisashe, su jinginar da gona, su miƙa wa mai alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, a yi ta tsaga da sakiya a kan ƙari har ya fashe, sai an rasa yadda za a yi a nufi asibiti? Likitanci ya ci gaba nesa da zamanin Az-Zahrawi, har a 2021 aka fara ƙona cutar da na'urar haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Amma sharaɗinsa na farko bai canza ba, wato a zo da wuri.

To, Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi. Wanda aka tura can ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai mai jinya, galibi uwa ko ƴar'uwa ko ɗiya, wadda za ta bar yara da sana'a, ta kwana a tabarma a garin da ba ta san kowa ba, ta wanke miki, ta ɓoye kukanta don kada marar lafiya ya karaya. Masu zuwa dubiya suna gaida mai ciwo su wuce, ba safai ake tambayar ta ko ta ci abinci ba. Risala ta lissafa gaida marar lafiya cikin haƙƙoƙin mumini a kan ɗan'uwansa, kuma a ganinmu wanda ya karɓi mai jinya na yini guda don ta yi barci, ko ya riƙe mata yara, ko ya biya kuɗin mota, ya fi cika wannan haƙƙi bisa ga wanda ya leƙa daga bakin ƙofa. Haka nan a daina gudun mai miki saboda wari, domin ciwon daji ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci tare.

Az-Zahrawi ya kula da kunyar mata. Ya lura cewa mace mai kamun kai ba ta yarda namiji ya duba ta, kuma mata masu ilmin tiyata suna da wuyar samu. Bai zarge su ba. Ya ce a nemi ungozoma ƙwararriya, likita ya riƙa gaya mata abin da za ta yi, ya kuma rubuta babi don koyar da ungozomomi yadda za su yi da haihuwa mai gardama. Mata da yawa a yau suna ɓoye ƙari a nono saboda wannan kunya, har lokaci ya ƙure. Mijin da ya nemo mata likita mace ya raka ta ya bi hanyar wannan malami.

A ƙarshen rayuwarsa fitina ta faɗa wa Andalus. A 1010 mayaƙa suka washe Madinatuz Zahra, fadar da aka ƙawata ta zama kango. Ya rasu wajen 1013, yana da shekara kusan 77. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, amin.