Ansel Adams, Mai Hoton Da Ya Auna Hasken Wata Da Ka

An haifi Ansel Adams a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka ran 20 ga watan Fabrairu, 1902. Da fari kiɗan piyano ya koya, har ana zaton da shi zai ci abinci. Amma a 1916 iyayensa suka kai shi yawon buɗe ido Yosemite, suka ba shi 'yar kyamarar Kodak Brownie. To, daga nan fa hoto ya shiga ransa.

Abin da ya fi ba shi aiki shi ne na'urar auna haske. Ita wannan na'ura ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Duk abin da aka nuna mata sai ta ɗauka ruwan toka ne, ta ba da lissafi a kan haka. Shi ya sa mutum zai caɓa ado da farar riga ran Salla, ya tsaya a rana don hoton da zai aika gida, amma rigar ta fito dishi-dishi, fuska kuwa ta nutse cikin duhu.

Wajen 1940 shi da abokin aikinsa Fred Archer suka fito da dabara. Suka kasa haske hawa 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kowane hawa ninkin na ƙasa da shi. Mai hoto sai ya auna ɗan wuri guda, ba fili duka ba, sa'an nan shi da kansa ya yanke hawan da zai ajiye shi.

Ran 1 ga Nuwamba, 1941, da la'asar sakaliya, yana tafe cikin mota a Jihar New Mexico sai ya hangi wata ya fito bisa ƙauyen Hernandez, sauran hasken rana yana haska fararen alamun kaburbura. Ya kafa kyamara, aka nemi na'urar sama ko ƙasa aka rasa, ga rana tana faɗuwa. Sai ya tuna ya haddace ƙarfin hasken wata, watau kyandir 250 a kowace ƙafa murabba'i. Ya yi lissafi da ka, ya ɗauka. Kafin ya shirya ɗaukar na biyu haske ya bar makabartar.

Ƙasan hoton ya yi duhu, ya daɗe yana shan wuya wajen wanke shi, duk da haka ya fitar da kwafi fiye da 1,300 da hannunsa. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba shi lambar girma. Ya rasu ran 22 ga Afrilu, 1984, yana da shekara 82.