Salma Ummu Rafi'i, Ungozomar Gidan Annabi

A cikin matan da suka yi wa gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima akwai wata baiwar Allah da ake kira Salma, wadda aka fi sani da alkunyarta Ummu Rafi'i. Asalinta baiwa ce ta Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalibi, gwaggon Annabi, daga baya ta sami 'yanci. Sana'arta kuwa karɓar haihuwa. Masu tarihi, irin su Ibnu Sa'ad a cikin Ɗabaƙat da Ibnu Abdil Barri a cikin Isti'ab, ba su manta da ita ba, ko da yake sunanta bai cika fitowa a bakin masu wa'azi ba.

Tun a Makka ita ce ke zama da Nana Hadiza duk lokacin da ta durƙusa. Hadiza ta haifa wa Annabi 'ya'ya shida, wato Alƙasim da Zainabu da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗimatu da Abdullahi. Ibnu Sa'ad ya kawo wani abu ƙarami a ido, amma duk wadda ta taɓa haihuwa ta san girmansa: Salma ba ta jira sai naƙuda ta tashi sannan a aiko mata. Tun ciki bai isa haihuwa ba take tanadin duk abin da za a bukata. A garin da ba asibiti ba likita, ran uwa da na jariri suna hannun Allah, sa'an nan suna hannun matar da ke zaune a gefe, wadda ta san lokacin da za a yi haƙuri da lokacin da za a yi nishi, ta yanke cibi, ta kuma jira fitowar mabiyiya ba tare da gaggawa ba.

Nana Hadiza ta rasu kimanin shekara 3 kafin Hijira. Saboda haka da Faɗimatu ta sami cikin fari a Madina, ba ta da uwar da za ta je wa goyon ciki. Matar da ta fara ɗaukarta ran da ta zo duniya, ita ce ta zauna mata a gurbin uwa. A hannun Salma aka haifi Hasan cikin watan Ramalan na shekara ta 3 bayan Hijira, Husaini kuma cikin Sha'aban na shekara ta 4. Ba kowace ungozoma ce Allah ke ba tsawon ran da za ta karɓi uwa ta kuma karɓi 'ya'yanta ba.

Haihuwar Ibrahim ita ce ta fi shahara. Mahaifiyarsa Mariyatu mutuniyar Masar ce, baƙuwa, nesa da danginta da harshenta, tana zaune a wani lambu a Aliya, can gefen Madina. Cikin watan Zulhajji na shekara ta 8 naƙuda ta kama ta, Salma ce ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya. Sai ta fito ta shaida wa mijinta Abu Rafi'i, wanda shi ma Baƙibɗe ne kamar Mariyatu, bawan da Abbas ya ba Annabi kyauta shi kuma ya 'yanta shi. Abu Rafi'i ya garzaya ya yi wa Annabi albishir da ɗa namiji, aka ba shi goron albishir mai tsoka. Yaron bai cika shekara biyu ba ya koma ga Mahaliccinsa.

Ba a ɗakin haihuwa kaɗai ta tsaya ba. Ta halarci yaƙin Haibara a shekara ta 7, kuma ta hanyarta ne hadisin sanya lalle a kan rauni ya iso ga Tirmizi da Ibnu Majah. Da Faɗimatu ta rasu a shekara ta 11, wata shida bayan mahaifinta, Ibnu Abdil Barri ya ambaci Salma tare da Asma'u 'yar Umaisu da Sayyidina Aliyu cikin waɗanda suka yi mata wanka. Hannun da ya yi mata wankan fari shi ya yi mata na ƙarshe. Ɗanta Ubaidullahi kuwa ya girma ya zama magatakardan Aliyu.

Ta tsufa a Madina. Tirmizi ya ruwaito a cikin Shama'il cewa wata rana Hasan, wancan jaririn nata, ya zo mata tare da Ibnu Abbas da Ibnu Ja'afar, suka roƙe ta ta dafa musu irin abincin da Annabi yake so. Ta nuna musu cewa yanzu da daɗi ya yalwata ba lalle ya yi musu daɗi ba. Suka nace. Sai ta tashi ta ɗebo sha'ir ta niƙa, ta zuba a tukunya, ta sa ɗan man zaitun, ta daka masoro da kayan yaji ta barbaɗa, ta ajiye a gabansu. Allah Ya ƙara mata yarda.