Shaihu Muhammad al-Kashnawi: Bakatsinen da ya koyar da lissafi da zane a Alƙahira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun zamanin da fataken goro ke yada zango a Sansanne-Mango kan hanyarsu ta Gwanja, littattafai na biyo ayari daga ƙasar Hausa. Katsina ce ta fitar da Shaihu Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi.

Ya yi karatu a ƙasarsa, kuma cikin malamansa akwai Shaihu Muhammad al-Wali na Bagirmi. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A nan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, ya sauke shi a gidansa, ya kuma ɗauki ilimi a wajensa.

A 1732 ya yi rubutu kan wafaƙi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo ɗaya. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai biyar-biyar 65. Shaihun bai tsaya ga faɗar amsa ba. Ya zana murabba'in, ya nuna yadda ake tashi daga wannan gida zuwa wancan, har da irin tafiyar doki a wasan shaɗaranji: gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Ɗalibin da ya ga hanyar da idonsa zai iya cika wani murabba'in da kansa.

Gaskiya ne ya haɗa wannan fanni da sirrin haruffa da taurari, abin da malamai da yawa suka yi inkari a kansa. Gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Amma lissafin da ke ciki sahihi ne, kowa na iya gwada shi da alli.

Ya rasu a gidan al-Jabarti a 1741, ya bar masa littattafansa.

Ya ku 'ya'yanmu na Mango, Sokode da Dapaong masu karatun kimiyya a jami'o'in Kara da Lome, kada ku wadatu da haddar ƙa'ida. Ku zana ta, ku gwada ta, har ku gane dalilinta. Malamai kuma su riƙa nunawa a allo, domin gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan Shaihu, Ya ba mu ilimi mai amfani.