Sam Garba Okoye: Ɗan makarantar Jos da ya buɗe wa Najeriya raga a Olamfik

Marigayi Sam Garba Okoye yana cikin 'yan ƙwallon ƙafar da arewacin Najeriya ba zai manta da su ba, ko da yake yawancin matasan da ke kwana a gidajen kallon ƙwallo a yau ba su taɓa jin sunansa ba.

Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya zura ƙwallo a raga a wasannin Olamfik, a shekarar 1968, kuma shi ne tauraron ƙungiyar Mighty Jets ta Jos lokacin da take ganiyarta.

Sai dai kafin wannan duka, a filin makaranta aka fara saninsa, kuma yana sanye da rigar ɗalibi ya fara wakiltar ƙasarsa.

Tarihinsa ya zama tamkar tarihin wata hanya da Najeriya ta taɓa bi wajen renon 'yan wasa, wato gasar ƙwallon ƙafa tsakanin makarantun sakandare.

Garin kuza

Samuel Garba Okoye ya tashi ne a Jos, garin da haƙar kuza ta raya tun farkon mulkin Turawan Ingila.

Aikin kuza da jirgin ƙasa sun janyo jama'a daga ko'ina. Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo sun zo neman abinci, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da na filin wasa.

Sunan yaron kansa shaida ne na wannan cuɗanya, domin Garba suna ne na Hausawa, Okoye kuwa na Ibo ne. A bakin 'yan kallo dai, Sam Garba kawai ake kiransa.

Jos tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta da sanyi, don haka yara kan wuni suna buga tamaula ba tare da rana ta kore su ba, saɓanin garuruwa irin su Sakkwato ko Haɗejiya, inda a lokacin bazara sai la'asar ta yi sanyi ake iya fita fili.

Ƙwallo ta riga ta kafu a garin kafin ya yi wayo. A shekarar 1951 ƙungiyar Jos ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945 daga baya kuma aka sake masa suna Kofin Ƙalubale, amma ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Legas ta doke ta.

Kano ce ta fara kawo kofin Arewa a shekarar 1953. Jos kuwa ta ci gaba da jira, kuma cikin wannan jira Sam Garba ya girma.

Yadda gasar makarantu take

A wancan zamani, hanyar yaro mai basirar ƙwallo a fili take, kuma hawa-hawa ce.

Akan fara ne da gasa tsakanin gidajen ɗalibai a cikin makaranta guda, inda malamin wasanni yake zaɓar waɗanda za su sa rigar makaranta.

Daga nan makarantun gari su kara da juna, har a kai ga matakin lardi da na jiha. Daga cikin waɗanda suka yi fice ake tsamo tawagar ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira Academicals.

Wasannin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata kan cika bakin fili, manyan ƙungiyoyi kuma su turo mutanensu su duba wanda za su ɗauka idan ya gama karatu.

A Legas, gasar Kofin Shugabannin Makarantu ce ta fito da irin su Haruna Ilerika na makarantar Zumratul Islamiyya, daga baya kuma Stephen Keshi da Henry Nwosu na kwalejin St. Finbarr's.

A Jos kuwa, wata makarantar koyon kasuwanci mai suna Academy Institute of Commerce ce ta yi zarra a tsakiyar shekarun 1960. A nan Sam Garba ya haɗu da Isma'ila Mabo da Tony Igwe da Peter Anieke.

Dukkansu huɗun sun buga wa babbar ƙungiyar Najeriya wasa daga baya, abin da ba kasafai makaranta ɗaya take samu daga 'yan zamani guda ba.

Nasara a Accra

A lokacin da waɗannan ɗalibai suke tasowa, Ghana ce ke riƙe da ragamar ƙwallon ƙafa a Afirka.

Ta ci kofin ƙasashen Afirka a 1963, ta kuma sake ci a 1965. 'Yan Najeriya kuwa ba su manta da cin bakwai da nema da aka yi musu a Accra a shekarar 1955 ba.

Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo da muhimmanci, ya mayar da ƙungiyar Black Stars abin alfaharin ƙasarsa. Zuwa Accra wasa ya zama abin fargaba ga kowace tawaga daga Najeriya.

A cikin wannan hali ne, a tsakiyar shekarun 1960, tawagar ɗaliban Najeriya ta je Accra domin karawa da takwararta ta Ghana, da samarin nan na Jos a cikinta.

Ɗaliban suka yi abin da manyansu suka daɗe suna nema, suka doke Ghana da ci ɗaya da nema a gidanta.

Wannan nasara ta ɗaga darajar gasar makarantu a idon hukumomi da jama'a, ta kuma sa sunan Sam Garba ya wuce iyakar Jos. Ba a jima ba aka kira shi babbar ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles.

Waɗanda suka ga wasansa suna tuna shi da iya yanka da riƙe ƙwallo, da kuma nutsuwa idan ya tunkari mai tsaron gida.

Ƙwallo a lokacin yaƙi

Murnar ba ta daɗe ba ƙasar ta rikice. A shekarar 1966 aka yi juyin mulki har sau biyu, aka kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a na farkon, sannan tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ciki har da Jos, inda aka kashe Ibo da yawa, dubbai kuma suka koma Gabas.

A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya fara, bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Ana tsakiyar wannan yaƙi Najeriya ta samu gurbin shiga gasar ƙwallon ƙafa ta Olamfik a karon farko, wadda aka yi a ƙasar Meziko a watan Oktoban 1968.

Tawagar, ƙarƙashin mai horarwa Jozsef Ember ɗan ƙasar Hangari, ta ƙunshi 'yan wasa da yawa daga ƙungiyar Stationery Stores ta Legas. Uku daga cikin tsofaffin ɗaliban Jos, wato Sam Garba da Igwe da Anieke, suna ciki.

Ba ƙaramin al'amari ba ne a ce matashi mai ɗauke da sunan Hausa da na Ibo a haɗe ya sa rigar Najeriya a shekarar da ake gwabza faɗa kan ko ƙasar za ta ci gaba da zama ɗaya.

Wasan farko da Japan aka yi shi, ranar 14 ga watan Oktoba a birnin Puebla. Kunishige Kamamoto ya fara ci wa Japan, kafin a tafi hutun rabin lokaci kuma Sam Garba ya farke.

Wannan ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a Olamfik. Amma Kamamoto ya ƙara biyu, aka tashi uku da ɗaya. Shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda bakwai, Japan kuma ta ɗauki lambar tagulla.

Sifaniya ta doke Najeriya da ci uku da nema a wasa na biyu. A na uku, Najeriya ta sha gaban Brazil da ci uku kafin hutu, ta hannun Kenneth Olayombo da Peter Anieke, amma Brazil ta farke duka, aka tashi uku da uku.

Tawagar ta dawo gida da maki ɗaya tak. Sai bayan shekara 28, a Atlanta ta Amurka a 1996, Najeriya ta ci lambar zinare a wannan gasa, bayan ta doke Brazil da Ajantina.

Mighty Jets da kofin da ya ƙi zuwa

Bayan yaƙi, ɗan kasuwa Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyin ƙungiyar Mighty Jets a Jos, ta tattara fitattun 'yan wasan garin, ciki har da Sam Garba da Isma'ila Mabo.

A shekarar 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa, Mighty Jets kuma ta zama zakarar farko, abin da ya ba ta damar wakiltar Najeriya a gasar zakarun Afirka a shekarar da ta biyo.

A shekarar ta 1972 ɗin ce kuma aka yi wasan da aka fi tuna Sam Garba da shi, wato wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Legas, tsakanin Mighty Jets da ƙungiyar Benin da aka sani da Bendel Insurance.

Bendel tana gaba da ci biyu da nema, lokaci ya kusa cika, magoya bayan Jos sun fara fid da rai. Cikin 'yan mintunan da suka rage Sam Garba ya zura ƙwallo biyu a jere, aka tashi kunnen doki.

An yi ta ce-ce-ku-ce kan alƙalancin wasan, aka kuma mayar da karawa ta biyu filin Liberty da ke Ibadan, inda Bendel ta yi nasara da ci uku da biyu.

A 1974 Mighty Jets ta sake kai wa wasan ƙarshe, Rangers ta Enugu ta doke ta da ci biyu da nema.

Yawan faɗuwar ƙungiyoyin Jos a wasan ƙarshe na wannan kofi ya sa mutane suka riƙa cewa kamar an yi musu baki. Sai a 1999 Plateau United ta kawo kofin garin.

Sam Garba bai ga wannan rana ba. Ya rasu a hatsarin mota a shekarar 1978, yana da kimanin shekara 30 a duniya, shekara biyu kafin Najeriya ta ci kofin Afirka a karon farko.

A wasan ƙarshe na wannan kofi a Legas a 1980, wanda ya ci biyu daga cikin ƙwallaye ukun da aka zura wa Aljeriya shi ne Segun Odegbami, wani ɗan makarantar Jos ɗin, wanda ya yi karatu a kwalejin St. Murumba.

Abin da ya biyo baya

Abokan tafiyar Sam Garba sun ci gaba da yi wa ƙwallo hidima. Isma'ila Mabo ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa, ya kai ta zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999. Ya rasu a 2023.

Sebastian Brodericks, wanda suka je Meziko tare suka kuma kara a wasan ƙarshe na 1972, shi ne ya jagoranci yaran Najeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985.

Daga wannan lokaci hankali ya karkata zuwa gasannin matasa na hukumar FIFA, inda Najeriya ta sake cin kofin a 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Sunan Academicals kuwa ya riƙa dusashewa, a daidai lokacin da makarantun gwamnati suke fama da ƙarancin kuɗi, filayen wasa da yawa kuma aka yanka su aka yi gine-gine.

Sabuwar hanyar ta zo da nata matsaloli. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, daga 2009 kuma aka fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashi domin tantance shekaru.

Gasar makarantu ma ba ta rasa nata ƙorafe-ƙorafen ba, amma tana da abin da ya bambanta ta. Yaron da ke buga wa makarantarsa yana da aji da malami da rajista, kuma idan ƙwallo ba ta karɓe shi ba, yana da takardar da zai nemi abinci da ita.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Olamfik, a filin wata makarantar kasuwanci ta Jos aka tanƙwara shi, kuma bai fi shekara uku ba tsakanin wasansa na ɗalibi a Accra da ƙwallon da ya ci a Puebla.