Sarkin Haɗejiya Muhammadu Mai Shahada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku sani malamai sun haɗu a kan cewa ba a yi ɗan Adam don wasa ba. An yi shi don bautar Mahaliccinsa, aka ba shi aron rai da dukiya da mulki don a jarraba shi, kuma abin lura a aikin bawa shi ne yadda ya cika. A ƙasar Haɗejiya in ana wannan magana sai an ambaci Sarki Muhammadu.

Shi ɗan Sarki Haru ne, jikan Sambo wanda ya kafa daular Fulani a birnin Haɗejiya a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya tashi a gidan da ba a sauke sirdi. Yana da rai baffansa Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya karya rundunar da aka aiko masa, ya hana maƙwabtansa Musulmi barci shekara da shekaru, har ajali ya riske shi a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade a 1863. Buhari jarumi ne, babu mai musu. Amma jaruntar da ta ƙare a kan 'yan'uwa masu salla ba abin fahariya ba ce wurin masu ilmi.

Muhammadu ya hau gadon ubansa a 1885. Ƙasar da ya gada mai albarka ce. Kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, in ya janye ya bar wa manoma danshi, masunta su sami kifi, makiyaya su sami ciyawa har tsakiyar rani. Ga hanyar fatake daga Kano zuwa Barno ta bi ta nan, ana wucewa da kanwa da tufafi da dawaki. Sai dai zamanin bai kwanta ba. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, a shekarar kuma basasa ta tashi a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa. Gabas wuta, yamma wuta, Haɗejiya tana tsakani da ganuwarta da barade, ba wanda ya ci ta.

Sa'an nan babbar jarrabawa ta zo. A 1903 Nasara suka ci Kano, suka ci Sakkwato. Manyan Musulmi suka rabu kashi-kashi, kowa da hujjarsa a littafi. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi aka kashe shi. Waziri Buhari ya zaɓi zama da sulhu don kada a bar talakawa ba mai tsayar musu da salla da shari'a, ya rubuta wa malamai uzurinsa. Kada mai karatu ya yi gaggawar zargin ɗayansu, domin tambayar da ke gabansu guda ce: da wace hanya bawa zai tsare amanar da aka halicce shi dominta, alhali an fi ƙarfinsa?

Da fari Sarki Muhammadu ya bi hanyar haƙuri. Ya karɓi Turawa da baki, aka kafa bariki a bayan gari, aka ajiye Kyaftin Filibus, wanda mutane suka sa wa suna Mai Tumbi. Amma zuciya ba ta sallama ba, barade kuwa ba su ajiye masu ba. Aka yi ta zaman doya da manja. Da aka yi tashin Satiru kusa da Sakkwato a farkon 1906, aka kashe Turawa a can, sai Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani birni mai ganuwa yana ɗaga kai ba. Ya aiko da runduna ƙarƙashin Kanar Kol, da igwa da bindiga mai ruwa.

A ƙarshen watan Afrilu 1906, daidai da shekara ta 1324 ta Hijira, suka tsaya a ƙofar gari, suka aika a sallama. Aka mari manzon. Sarki dattijo ne a lokacin, ya kuma san abin da ya sami Kano da Burmi, ba ya jahiltar abin da igwa ke yi wa doki. Ƙofar gudu tana buɗe, ƙofar miƙa wuya tana buɗe, bai bi ko ɗaya ba. Barade suka yi sukuwa cikin harsashi, aka koma faɗa lungu-lungu wajen sa'a biyar, har aka kai ga fada. Nan aka kashe shi tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa, bayan ya yi shekara 21 a kan gado.

Masu lissafin riba da faɗuwa za su ce an yi asarar rayuka a yaƙin da ba a iya ci, maganarsu kuwa tana da nauyi, gama marayu da gwauraye ne suka ɗauki kayan. Niyya kuma Allah kaɗai Ya san ta. Amma mutanen Haɗejiya sun yanke nasu hukunci: ba su kira shi da yawan dawakinsa ko garuruwan da ya ci ba, sai suka kira shi Mai Shahada, sunan ya bi shi har ya kusa danne na yanka.

Aka naɗa ɗansa Haruna, ya yi sarauta zuwa 1909. Shi kuwa Mai Tumbi bai ga ƙarshen shekarar 1906 ba, ya mutu a Haɗejiya, aka binne shi a can. Allah Ya jiƙan Sarki Muhammadu da waɗanda suka kwanta tare da shi, amin.